Yadda Za Ka Yi Suna a Gari, Tanderunka Ya Huce

Mai kasuwa, matso kusa. In ka bi matakan nan, na yi maka alkawari babu wanda ba zai san sunan shagonka ba. Ban dai ce za su saya ba. Na koye su ne daga maƙwabcina Lefteris, wanda ya gaji gidan burodin surukinsa a nan tsibirinmu na Girka, kuma har gobe ban ga gwani irinsa ba.

1. Guji tambayar matarka

Masu neman wahala sun ce tsari daban, dabara daban. Wai tsari shi ne ka zauna ka yanke wanda kake so ya riƙa saye a wurinka, da abin da zai hana shi zuwa wurin wani. Dabara kuma ɗan abin da za ka yi yau ne don ka kai can. To wa ke da lokacin zama?

Evdokia, matar Lefteris, ta taɓa tare shi a bakin tanderu.

"Lefteri, tsaya. Wai mu wa muke yi wa burodin nan? Baƙin da jirgin ruwa ke kawowa yawon buɗe ido ko mutanen gari?"

"Duk mai baki," in ji shi, ya fice sayen balan-balan. Haddace amsar nan, za ta yi maka amfani.

2. Kowace safiya da sabuwar dabara

Yau rangwame. Gobe lasifika. Jibi ka sa ƙanin matarka, magidanci mai furfura, ya shiga rigar da aka ɗinka kamar burodi, ya tsaya a tashar jirgi yana ɗaga wa baƙi hannu. Kada ka bari wata dabara ta kwana biyu, don in ta daɗe sai a gane ba ta aiki.

3. Kwaikwayi abokin hamayya ido rufe

Da Thodoros, mai ɗaya gidan burodin da ke tsallaken dandali, ya shafa wa ƙofarsa shuɗin fenti, Lefteris bai yi wata-wata ba, ya shafe shagonsa kaf har da kujeru. Daga baya aka ji ashe iskar teku ce ta cinye tsohon fentin Thodoros. Ba komai, kai dai kada a riga ka.

4. Kori tiren Lahadi

Nan ne gwaninta take. Tun zamanin kakanni, ran Lahadi mata kan ajiye tiren naman rago da dankali a gidan burodi don a gasa musu kafin su shiga coci, in an tashi su ɗauka da zafinsa, su haɗa da burodi. Abin da suke biya bai taka kara ya karya ba. Lefteris ya ga ɓata wuri ne, ya cika tanderun da kek na baƙi.

Gwaggo Froso, wadda tun tana amarya take kawo tirenta nan, ta iso tana haki.

"Gwaggo, yau babu wuri, jirgi ya kusa."

"Babu wuri? Ni Froso? Ɗan nan, surukinka ko ranar da aka cire masa haƙori bai mayar da ni ba."

"Zamani ne, Gwaggo."

"To zamanin ya zo ya sayi burodinka."

Ta juya ta tsallaka dandali, sauran matan suka bi ta a jere. Kada ka damu da irin wannan. Tsofaffi ba sa sa hoton shago a waya.

5. Auna nasara da taro

Baƙi za su cika maka ƙofa, su yi hoto da ƙanin matarka, su sayi kek ɗaya su raba. Faɗa wa kowa kasuwa ta buɗe.

6. In sanyi ya shigo, ƙara ƙarar lasifika

Wata rana jirgi zai kwashe baƙon ƙarshe, a bar ka da mutanen gari. Su kuwa inda tirensu yake, nan suke sayen burodin mako. Lefteris ya yi shelar zai gasa wa kowa tirensa kyauta, babu wanda ya leƙo, har ya daina hura wuta ran Lahadi don itace ya yi tsada. Nan fa tsoro ya kama shi na gaske, don shagon nan shi ne cinsu, shi ne shansu.

Wata Lahadi yana zaune a ƙofa sai ga Evdokia ta fito ɗauke da tire.

"Ina zuwa?"

"Inda akwai wuta."

"Wurin Thodoros? Evdokia, a gaban mutane?"

"Tanderun ubana ne ya huce, Lefteri. Kana tsammani daɗi nake ji?"

Ya bi ta da kallo har ta tsallaka dandali. Ranar ce kaɗai na ga dabara ta ƙare masa, kuma wallahi ya ba ni tausayi.

Gargaɗi

Duk wanda ya bi matakan nan ya wayi gari daga shi sai balan-balan, babu ruwana, kada ya zo mini gida. In kuma dole sai ya gan ni, ya zo ran Lahadi bayan coci. Zai same ni a layin Thodoros, ina jiran tiren matata.