Kindirmon Vom a Guangzhou

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da ogana, mai shagon kayan waya a Jos, ya ce ni zai aika Guangzhou ta ƙasar Sin in saro kaya. In na yi abin kirki, tafiyar ta zama tawa. In na yi shirme, in koma goge kanta. Ƙaninsa Sani zai tarbe ni, kuma saƙonsa ɗaya ne: a taho masa da kindirmon Vom, garin nan na kusa da Jos.

Oga ya ce, "Anya ba zai lalace ba? Wata nahiya ce fa."

Na buɗe taswira a waya, na ɗora babban yatsa a Abuja, manuni a Guangzhou. "Oga, dubi, ko taƙi bai kai ba. Jirgi ne fa, ba motar Bauchi ba." (Mai wannan bayani bai taɓa shiga jirgi ba.) Na cika jarka, na cusa a jakar Ghana-mas-go, na rubuta sunana da ANGUWAN ROGO JOS ɓaro-ɓaro.

Ashe cikin taƙin nan akwai hamada da teku. Muka sauka Addis Ababa, muka sha zaman jira, muka sake tashi. Na ci, na yi barci, na farka, na sake ci, ɗan jirgin da ke allon gabana kamar an ɗaure shi. Hankalina duk yana kan jarka.

A wurin ɗaukar kaya wayata ta mutu, ga shi ban san fuskar Sani ba. Ina cikin wannan tashin hankali sai tsami ya riga jakata isowa. Jarka ta kumbura ta fashe. Jaka tana zagayawa a kan injin da ke fito da kaya tana ɗiga, mutane suna ja da baya suna toshe hanci. Wallahi kunya ta kama ni har na toshe nawa, na shiga hararar jakar tare da su.

Sai wani dattijo ya karanta rubutun da ƙarfi. "Kai! Waye ɗan Anguwan Rogo a nan?"

Na ɗaga hannu a hankali.

"Ɗana, nono ka ɗauko daga Jos?" Ya yi dariya har da hawaye. "Ni ma ɗan Jos ne, daga Gangare. Wa ka zo wa?"

Ashe ya san Sani. Shi ya lallashi ma'aikata, ya taya ni goge wurin, ya miƙa ni ga Sani hannu da hannu. Kafin kwana biyu labari ya gama 'yan kasuwarmu na can. Kowa yana son ganin mai kindirmo, kuma duk wanda ya gama dariya sai ya ja ni wurin dilansa. Kayan da na kawo, Oga ya juya su ya sake juyawa, ya ce, "Kai za ka riƙa zuwa."

Abin da na koya: duk saƙon da zai iya tsami, tambayi waɗanda suka taɓa zuwa kafin ka ɗauka. In kuma ya riga ya fashe, kada ka yi musun jakarka.