Yadda Ake Share Dandalin Masu Kod Har Ya Yi Tas

Matso kusa, ɗan'uwa, yau ka tashi da sa'a! Kana so ka zama admin ɗin da in ya yi gyaran murya a intanet, mutum dubu huɗu su gyara zama? Kana so a riƙa ce maka "Shef", wato shugaba, alhali ba ka taɓa rubuta layin kod ɗaya ya yi aiki ba? To ga hanya, mataki bakwai cif. In ka bi su bi da bi, na ɗaukar maka alkawari dandalinka zai yi tsaf, ko ƙwayar gaisuwa ba za a tsinta a ciki ba.

Ba da ka nake magana ba. Da idona na gani wajen maƙwabcina Mijinyawa, a nan unguwar Banifandou ta Yamai, katanga ɗaya ce tsakaninmu. Shi ne admin na Fadar Kod, dandalin intanet inda masu rubuta kod, wato shirin kwamfuta, na Yamai da kewaye ke tambayar juna abin da ya gagare su. Shi za mu ɗauka abin koyi.

Mataki na 1: Samo dalili mai zafi

Ba a faɗa wa wannan aiki haka siddan. Sai da abin da ke cin ranka.

Ga na Mijinyawa. Ranar sunan ƴarsa ta fari, surukarsa Hajiya Zuwera ta zo daga Maraɗi. Ta leƙa ta taga, ta ga mazan da suka zo fatiha ba su cika tabarma biyu ba. Ba ta ce masa uffan ba, ai suruka ba ta tarar suruki da magana. Ƴarta Zeinabu ta juya wa, ta ce da irin muryar nan mai taushi da ake ji har bakin titi: "Allah sarki. Ashe mijin naki ba mai jama'a ba ne."

Shekara uku maganar nan tana sukarsa. Da Zeinabu ta sake samun ciki, ya leƙo ta kan katanga ya rantse mini cewa sunan bana sai an rufe layinmu, sai masu taksi sun yi kewaye. Jama'ar ce dai bai san inda zai samo ba. Ana haka ya ji Fadar Kod tana neman admin, kuma mutum dubu huɗu ne a ciki. Wayyo daɗi, har rawa ya taka a tsakar gida!

Mataki na 2: Karɓi mabuɗi, ka ɓoye jahilcinka

Nemi wanda ya gaji. Ko wane dandali yana da shi. A Fadar Kod, Madam Priska ce, ƴar Dogondutsi, wadda ta kafa wajen, kuma ita kam ta iya kod na gaske. Aikin buro, wato ofis, ya sha kanta, tana neman mai taimako. Mijinyawa, wanda sana'arsa manna gilashin salula ce a gefen Babbar Kasuwa, ya ce mata ya san ordinatar, wato kwamfuta, ciki da bai. Ta miƙa masa mabuɗin dandalin tana ta godiya.

Yanzu za a fara yi maka tambayoyi. Kada gabanka ya faɗi. Haddace amsa biyu, sun ishe ka har tsufa. Ta farko: "An riga an yi wannan tambaya, bincika." Ta biyu: "Tambayarka ba ta fito fili ba." Kada ka kuskura ka ƙara ta uku, daga nan ake kama mutum.

Ka riƙe wannan a ranka: masana sun tabbatar da cewa duk wanda ya amsa tambaya a taƙaice, cikin fushi, mutane kan ɗauka ya yi karatu a waje.

Mataki na 3: Kasa saƙonni kwando-kwando

Duk saƙon da ya shigo, sai ka jefa shi a kwandonsa. Mijinyawa ya yi guda huɗu: Tambaya, Amsa, Talla, sai Shara. Na huɗun ya fi sauran faɗi.

Matsalar ita ce mutanenmu ba su iya tambaya tsirara ba. Ɗauki Malam Halidu, tsohon malamin lakkwal, wato makarantar boko, da ke Tondibia, wanda ya ajiye alli ya kama koyon yaren kod na Python yana da shekara sittin da uku. In zai yi tambaya, ga yadda yake farawa: "Salamu alaikum. Fofo ga ƴan'uwa Zabarmawa. Ina kwananku? Ina gajiya? Ina iyali? Yaya zafin nan? Ku ma an ɗauke muku wutar kuran?" Tambayar kanta tana can layi na goma sha ɗaya, a raɓe. Kuma kafin a amsa ta, sai mutum arba'in sun ce "lafiya lau, Baba."

Kai kuwa kada ka karanta har ƙasa. Da ka ga "ina kwana", wurga a Shara.

Tsohon ya aiko wa Mijinyawa saƙo shi kaɗai: "Ɗana, laifin mi na yi?"

"Baba, nan ba zaure ba ne," in ji Mijinyawa. "Kod muke yi."

"To, Allah ya ba da haƙuri. Ka gaida mutan gida."

Wannan ma ya share ta. Ka ga gwani!

Mataki na 4: Yi tanadin jama'arka

Wata Alhamis wani Issoufou ya saka sanarwar ɗaurin aurensa. Kafin la'asar an yi masa addu'a ɗari uku. Ranar Asabar hotuna suka fara zuwa: ƴan Fadar Kod sun cika unguwar amarya, babura har bakin kwalta, Malam Halidu a tsakiya da babbar riga yana dariya.

Mai ƙaramin tunani zai ce madalla. Mijinyawa kuwa zazzaɓi ya ji. Jama'ar da yake ta kiwo saboda ranarsa, ga wani ya zo yana ɗiba! In aka saba musu da zuwa biki kowane mako, kafin Zeinabu ta sauka ai sun gaji. Nan take ya kafa doka: ba sanarwar aure, ba ta suna, ba ta walima. Wanda ya saka, dakatarwar kwana bakwai.

In aka yi gunaguni, ka ce don ci gaban ilimi ne. Ba wanda ke son a gan shi yana faɗa da ilimi.

Mataki na 5: Sa na'ura ta yi maka rashin mutunci

Yatsa yana gajiya. Don haka ka nemi robo, wato ɗan shirin da zai tsaya a bakin ƙofa, ya karanta ko wane saƙo, ya share, ya dakatar, kai kana shan shayi. Tunda ba ka iya haɗawa ba, koma wajen mai iyawa.

Priska ta haɗa shi cikin yini ɗaya, amma ranta bai so ba. Ta tambaye shi a gaban kowa: "Shef, in ware admin daga cikin dokar, ko?"

Ga inda ake gane manya. Mutum dubu huɗu suna kallo! Mijinyawa ya rubuta da manyan baƙaƙe: "KADA KI WARE KOWA. HAR NI." Aka yi ta aiko masa hoton tafi. A ransa kuwa cewa yake, ai mabuɗi na hannuna, in ranata ta zo sai in kashe abin in yi sanarwata ni kaɗai.

Daga nan sai ka toshe sauran ramuka. Sabon shiga ba ya magana sai ya yi mako biyu. Ba a saka lambar salula. Ba a aika wa admin saƙon sirri. Mai ƙorafi ya cika takarda, takardar kuma wajen admin za ta. Da Priska ta yi suɓul-da-baka ta amsa wa wani "lafiya lau", Mijinyawa ya karɓe mabuɗin da ya rage a hannunta, don a san ba sani ba sabo.

Wata biyu ba a yi ba, Fadar Kod ta yi tsit. Tambaya ta shigo, amsa ta fita, kowa ya kama gabansa. Ni kaina in zan shiga sai na ji kamar in cire takalmi.

Mataki na 6: Girbi abin da ka tara

Ranar wata Asabar da hantsi Zeinabu ta sauka lafiya, namiji. Na ji guɗa ta kan katanga. Mijinyawa ya fito ba hula, ya rungume ni, ya rungume mai sayar da ruwa. Kafin yamma ya kama kujeru ɗari uku, rumfa uku, raguna biyu, buhun dabino, da mata huɗu masu girki. Hajiya Zuwera ta kamo hanya daga Maraɗi.

Lahadi da safe ya zauna ya tsara sanarwa mai kyau, har da furanni. Ya shiga wajen saiti ya danna wani maɓalli, ya ga ya koma ruwan toka, ya ce shi ke nan, robo ya kwanta. Ashe ƙararrawar saƙo ya kashe. Ya aika.

Daƙiƙa huɗu sanarwar ta yi a duniya. Sai ga rubutu: "An dakatar da kai kwana bakwai. Nan ba wajen biki ba ne." Kalmomin ma nasa ne, shi ya zaɓa su. Ya ƙirga da yatsu. Ranar suna Asabar, dakatarwa kuwa sai Lahadi za ta ƙare.

Kada ka ruɗe, akwai takardar ƙorafi. Ya cika ta, ta tafi wajen admin, admin kuwa yana waje a dakace. Ya buɗe sabon asusu, aka ce ya jira mako biyu. Litinin ya hau kabu-kabu sai buron Priska, gumi har cikin takalmi.

"Madam Priska, don girman Allah ki kashe abin nan."

"Barka da arziki, Shef. Yaya mai jego?"

"Lafiya lau. Ki kashe shi!"

"Da mi? Mabuɗina yana wajenka. Naka kuma yana cikin asusun da aka rufe." Ta dube shi, dariya na son ƙwace mata, tausayi kuma ya hana. "Ba ka da lambar kowa?"

Ba shi da ita. Shi ya hana sakawa. Mutum dubu huɗu, amma abin da ya sani nasu laƙabi ne irin su Damisa227.

Da yamma ya leƙo ta kan katanga ya roƙe ni in saka masa sanarwar. Na ce: "Maƙwabci, ko daƙiƙa biyar ba za ta yi ba, a dakatar da ni a banza. Ga shi ina da tambaya a layi tun Laraba." Na faɗi gaskiya, amma har yau in na tuna yadda ya sauke kansa daga katangar nan, ba na jin daɗi.

Mataki na 7: Zauna ka more tsaftar

Asabar, ƙarfe bakwai na safe. Rumfa uku sun rufe layi kamar yadda ya rantse, masu taksi suna ta kewaye suna tsaki. A ƙarƙashi, mu goma sha huɗu ne, har da liman da mahauci. Priska ta zo da turmin atamfa ta shige wajen mata. Mijinyawa yana tsaye cikin sabuwar shadda, duk babur ɗin da ya karyo kwana sai ya gyara hula, babur ya wuce.

Aka yi fatiha, aka raɗa suna. Kowa ya samu dabino cike da aljihu biyu. Ni dai na ci naman mutum goma, don kada a ce maƙwabci bai yi kara ba.

Wajen azahar labulen ƙofa ya motsa, Hajiya Zuwera ta yafito ni. Na ce yau za a yi ta. Ta daɗe tana kallon surukin nata, shi kaɗai a tsakiyar kujeru yana ta latsa salula. Sannan ta ce a hankali, wannan karon don kada ya ji: "Ɗan nan, ce masa ya shigo daga rana ya ci abinci. Ya yi ƙoƙari."

Na isar da saƙo. Wallahi da zaginsa ta yi, da ya fi masa sauƙi.

Lahadi aka buɗe masa asusunsa. Ina gefensa ya shiga. Saƙo ɗari biyu da sha biyu aka yi a bayansa, kowanne zaune a kwandonsa, robo bai bar ko tsinke ba. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya har ƙasa, ya sake hawowa. Kwana bakwai ba ya nan, kuma ba wanda ya tambayi ina Shef ya shiga.

Barka, ɗan'uwa! In ka kawo nan, ka gama. Dandalinka ya yi tas.

A kula

Mai wannan rubutu bai ɗauki alhakin komai ba. In raguna suka yi maka yawa, in masu girki suka yi da kai a unguwa, in surukarka ta fara jin tausayinka, kada ka doso ƙofata. Ban san ka ba, ban taɓa ba ka shawara ba, kuma in aka tambaye ni zan ce ina Tondibia ranar.

Sai dai in kana cikin mutum dubu huɗun nan, an sa wa yaron Abdoulkarim. Gida na uku ne bayan famfon unguwa, mai shuɗiyar ƙofa. Ba sai ka riƙo komai ba. Mijinyawa ya mayar da kujerun haya, amma ya roƙi a bar masa goma, kuma kullum bayan la'asar yana fito da su.