Roron Wake a Darasin Amana

Ko gigin tsufa ya kama ni, ba zan manta da wata Laraba ba, don har yau in na tuna sai in ji kamar in shaƙe kaina. Ni ke koyar da Sibik, darasin zama ɗan ƙasa nagari, a wata sakandare kusa da Gezawa. Shekara tara ina jiran kujerar mataimakin shugaban makaranta, kuma an ce wata Hajiya daga ofishin shiyya za ta zo ta ga koyarwata kafin a yanke. Ba a faɗi rana ba.

Lokacin kaka ne. Wakena ya bushe a gona, ga mai unguwa ya yi shelar za a saki dabbobi ranar Juma'a. Sai na zaɓi ƙarti shida daga ajina na tura su roro da sassafe, na kuma rubuta a rajista cewa suna nan (kowa na yi, ni ne dai mai ƙashin tsiya).

Ƙarfe goma sai ga Hajiya, ta zauna a bayan aji da rajistata a hannu. Darasin ranar kuwa amana ne. Na gyara hula na buɗe murya kamar mai huɗuba. Na jawo aya, na jawo hadisi, na yi kaca-kaca da shugabanni. Na ce duk wanda aka ba shi ’ya’yan mutane ya mai da su bayinsa, Allah zai tsayar da shi. Har teburi na doka.

Hajiya ta ɗago ta ce, "Malam, shida ba sa nan."

"Sun je alwala, ranki ya daɗe." Alwala da hantsi! Bakina ne ya faɗa, ban aike shi ba.

Ban rufe baki ba sai ga su a ƙofa, kowa da buhu a ka, ƙaiƙayi har gira. Babbansu Sabi'u, wanda Allah bai ba shi dabarar kallon ido ba, ya ce, "Malam, mun gama. Uwargida ta ce ɗaki ya cika, a ina za mu sauke?"

Sai Rabi, sarkin tambaya, ta ɗaga hannu. "Malam, wannan shi ne misalin? Mu rubuta?"

Wallahi na ji haushin Sabi'u, na ji na Rabi, na ji na mai unguwa da awakinsa. Amma da na duba, duk ajin ba wanda ya yi ƙarya sai ni. Sun riƙe darasina fiye da ni, abin da ya fi ƙona min rai ke nan.

Hajiya ba ta yi faɗa ba. Ta ce a hankali, "Darasin ya yi kyau, Malam. Saura ka halarta."

Kujera dai malamin lissafi aka ba, mutumin da ko akurkin kaza ba shi da shi. Ni kuwa yara suka laƙaba min Malam Amana, har a kasuwa. Yanzu da hannuna nake roron wakena, bayana na ciwo ina tsaki. In kuma zan yi wa shugabanni wa'azi a aji, sai na fara leƙa ƙofa.