Littafin Da Na Yi Wata Huɗu Ina Rungume Da Shi

Ko na tsufa har na fara rikita sunayen jikokina, ba zan taɓa mantawa da wata Talata a Madawa ba.

Lokacin na gama lisans, wato digirin farko, a fannin tattalin arziki, na koma gida Tabotaki zaman jiran aiki. Shekara guda ina noman gero, takardar shaidata tana ƙarƙashin katifa. Sai na ji wata makarantar kuɗi mai koyar da kasuwanci a Madawa za ta ɗauki malami ɗaya idan an dawo daga hutu. Na tattara kayana na sauka gidan kawuna. Aikin nan ina son sa ƙwarai, don na gaji da tambayar da ake yi mini a ƙofar masallaci: har yanzu shiru?

Bari in faɗi gaskiya tun yanzu. Karatuna na jami'a duk a fotokofi na yi shi. Farkon kowace shekara malami zai ba mu jerin littattafan da ya kamata mu karanta, mu ninke mu cusa cikin kaye, littafin rubutu, mu haddace takardun darasi, mu ci jarrabawa. Haka na fito da sakamako mai kyau ban san ƙurar ɗakin karatu ba.

Da na iso Madawa na ga ya dace a riƙa ganina da littafi. Na je ɗakin karatu na gari, wanda wata dattijuwa, Madam Rakiya, ta daɗe tana riƙe da shi. Kantar tattalin arziki guda ce tal, yawancin littattafanta kyauta ce daga waje. Ban tsaya duba na kirki ba, na zaro wanda ya fi kauri: tsohon littafin Faransanci mai bango ruwan ƙasa, da “ciniki” da “farashi” a sunansa. Madam ta dube ni ta saman tabarau, ta tambaye ni ko ina da wuƙa a gida. Na yi dariya na ce gidan kawuna ba a rasa wuƙa ba. (Na ɗauka barkwancin tsofaffi ne. Da na tambayi dalili, da ba ku ji labarin nan ba.)

Wata huɗu ina rungume da shi. Na hau kabu-kabu da shi, na je fada shan shayi da shi, har masu shago suka fara kirana Mushe, yadda ake kiran malamin boko, tun ban riƙe alli ba. Duk sati biyu in je Madam ta sabunta mini aro, ta tambaye ni yaya karatu, in ce ana fama. Iyakar abin da na buɗe shi ne bango da shafin farko mai hatimi.

Mu biyu muka rage a neman aikin, ni da wata mata 'yar Keita. Darakta ya ce kowa ya shirya jerin littattafan da zai ba ɗalibai shawarar karantawa, ya zo ya yi bayani a gaban aji. Ya kuma gayyato Madam Rakiya, tunda wurinta yaran za su je aro. Matar ta fara, da 'yan littattafai uku sirara, duk ta ɓata gefensu da fensir. Na dube su na ji tausayinta har cikin raina.

Ni kuwa goma sha biyu na rubuta a allo. Sha ɗaya na kwafo daga tsohuwar takardar malaminmu, na ɗora mai kaurin a sama. Na ɗaga shi da hannu biyu na ce sau uku na sauke shi. Da na ga yara sun natsu sai baki ya ƙwace mini. Na ce duk mai son sanin dalilin da albasa ke faɗuwa warwas lokacin cira, ta yi tashin gwauron zabi bayan watanni, to ya duba babi na bakwai.

A Madawa ba a yi wa mutane wasa da albasa. Wata ɗaliba a layin gaba, wadda na ji daga baya mahaifinta dillalin albasa ne, ta ɗaga hannu ta roƙi in ba ta ta karanta wa aji wurin. Na miƙa mata cikin isa.

Ta kama tsakiya ta ja, bai buɗe ba. Ta hura, ta sa farce. Shafukan a haɗe suke ta sama da gefe, takwas-takwas, kamar ambulan.

“Mushe,” in ji ta, “wanga littahi ba ya buɗuwa. Ta ina kab bi kas shiga?”

Ba da rashin kunya ta tambaya ba, kuma wannan ya fi ciwo. Madam Rakiya ta miƙe a hankali, ta zaro wata 'yar siririyar wuƙa daga jakarta, ta karɓi littafin. Ta yi wa aji bayani cewa littattafan da can haka ake buga su a ninke, wanda ya fara karantawa shi ke yanke bakin shafukan. Sannan ta zura wuƙar. Ba ka jin komai a ajin sai ƙarar takarda tana tsagewa.

“Tun da niz zo aiki shina bisa kanta ba wanda yat taɓa yanke shi,” ta ce. “Karanta muna, ɗiyata.”

Yarinyar ta karanta. Babi na bakwai magana yake kan harajin jiragen ruwa a tashoshin teku. Ko ƙamshin albasa babu.

Ba wanda ya yi dariya da farko. Sai wani daga baya ya kasa riƙewa, ajin ya ɓarke. Darakta ya sunkuyar da kai yana gyara takardun da ba su hargitse ba. Ni kuma gumi ya jiƙa mini riga har ƙugu, na ji da ma ƙasa ta tsage in shige. Kunyar da na ji ran nan ban taɓa jin irinta ba.

'Yar Keita ta samu aikin, kuma ta cancanta. Washegari na lallaɓa na mayar da littafin, ina fata in ajiye in gudu. Madam ta ƙi karɓa. Ta ɗora wuƙar a kansa ta turo mini.

“Ka ce sau ukku. Yi guda dai, mu yahe maka biyun.”

Wata biyu na yi a Tabotaki ina yanka ina karantawa, tsakanin noma da maimai. Littafin ba daɗi ko kaɗan, amma na kai ƙarshe. Bayan shi Madam ta riƙa ba ni sirara, irin waɗanda na raina, kuma a cikinsu na fahimci maganar albasa.

Yanzu ina koyarwa a Buza. Jerin da nake ba ɗalibaina littattafai huɗu ne kacal, kuma duk shekara sai wani ya yi ƙorafin sun yi kaɗan. Ba na gardama da shi. Na dai san ko wanne aka miƙo mini a gaban aji, zai buɗe.