Rigar Sanyin Alhaji Sammako

Duk faɗin Birnin Kebbi babu wanda zai ce ya taɓa riga Alhaji Ladan isa ko'ina. Shekara talatin ya yi a sashen tsare-tsare na wata ma'aikata, kuma a shekarun nan duka shi ke tashin maigadi da safe. In ka gayyace shi suna, zai iso kafin a sayo ragon. Ya taɓa zuwa ta'aziyyar wani dattijo a Ambursa, dattijon ya taso daga kan tabarma ya ba shi ruwa. Alhaji bai ji kunya ba. Ya ce a dai shaida ya zo, ko da ta Allah za ta kasance yana kan hanyar Abuja.

Mutanen unguwarsu ta Nasarawa suka sa masa suna Alhaji Sammako. Da sunan ya kai kunnensa, ya ce ya daɗe da sanin za a sa masa shi.

Shekarar da 'yarsa Ɗayyaba ta shiga aji ɗaya na firamare, wani baƙo ya manta da wata takarda mai ƙyalli a ofishin Alhaji. Ta wata jami'a ce a Amurka, mai wani tsarin karatu na kasuwanci da harkokin ƙasa da ƙasa. Ɗalibai arba'in kacal ake ɗauka a shekara, daga duniya baki ɗaya. Alhaji ya karanta sau biyu, ya ga ashe saura gurbi talatin da tara.

Ya dawo gida ya tara iyalinsa, wato matarsa Hajiya Sadatu da yarinyar, wadda ke tsotsar ƙwallon mangwaro.

"Daga yau wagga ɗiya sunanta Jakadiya," in ji shi. "Saura shekara goma sha biyu. Mun makara."

Washegari ya sayo akwatin ƙarfe da kwaɗo, ya rataya makullin a wuya. Ya manna jadawali a bangon falo, daga kusa da silin har ƙasa. Aka yi wa yarinya fasfo tana shekara bakwai. Fasfon ya yi zamansa a akwati har ya mutu, bai ga ko iyakar Kamba ba. Alhaji ya sabunta shi cikin farin ciki, ya ce yanzu ɗiyarsa tana da tarihin fasfo.

Tana shekara goma sha biyu ya sayo mata rigar sanyi daga Abuja, ja, mai kauri kamar katifa, da hula mai gashi. Ya kai wa tela ya ɗinka mata suna a ƙirji da zare fari: Ɗayyaba Ladan. A watan Afrilu aka yi gwaji, lokacin da ko ƙadangare ba ya tsallaka titi a garin nan. Yarinya ta tsaya a tsakar gida gumi na zuba, Alhaji na zagaya ta yana gyaɗa kai.

Hajiya Sadatu ta ce, "Alhaji, ɗiyar ga hwa girma takai."

"Ke ba ki san tsari ba," in ji shi. "Wanda yas san tsari ba shi jiran sanyi shi zo."

Takardar ta ce ana son ɗalibi mai wani harshen waje, wanda kuma ya san kasuwanci a aikace. Alhaji ya zaɓi Faransanci, ya sayo littafi, ya fara koya da kansa don ya riga ta. Da aka yi hutu ya ɗauke ta a mota zuwa Argungu, wurin kakarta Inna Hamida, mahaifiyar Hajiya Sadatu. Tsohuwar tana sayar da bandar kifi a kasuwa, yawancin masu sayenta kuma matan Dosso ne daga Nijar. Alhaji ya durƙusa ya gaishe da surukarsa yadda ya kamata, sannan ya miƙe ya fuskanci wata Bazabarma da ke tsugune tana juya kifi. Ya gyara babbar riga, ya sakar mata gaisuwar Faransanci mai tsawon layi uku.

Matar ta dube shi daga hula har takalmi. "Lahiya lau, Alhaji. Tarwaɗa ko ragon ruwa?"

Alhaji ya bayyana wa surukarsa cewa jikarta za ta yi karatun kasuwancin ƙasa da ƙasa.

"Ayyo," in ji Inna Hamida. "Ai shi nikai shekara arba'in. Ni ƙasa, mai saye ƙasa, kifi bisa tabarma."

Alhaji ya yi murmushin wanda ya yafe wa jahilci. Ya sa Ɗayyaba ta riƙe kifi mafi girma, ya ɗauki hoto, ya rubuta a baya: Ziyarar Nazari ta Ɗaya.

Abin da bai shiga jadawali ba shi ne yarinyar ta so wurin. Kowane hutu sai ta roƙa a kai ta. Ta zauna gefen kakarta har ta ji Zabarmanci, ta gane dalilin da ya sa matan Dosso ke ɓacewa in an rufe iyaka, da abin da ke samun masuntan gulbin Rima in matan sun ɓace. Ta fara yin tambayoyin da Inna ba ta da amsarsu. A hankali karatun nan na Amurka ya daina zama na Baba shi kaɗai. Ta so shi da gaske, ita ma, tana tashi karatu ba a tashe ta ba. Alhaji ya lura da haka, ya yaba wa jadawali.

Akwai wata jarabawar Turanci da ake bukata, wadda ake yi a Abuja. Ɗalibai kan yi ta a shekararsu ta ƙarshe a sakandare. Alhaji ya ji haka ya tausaya musu. Ya yi wa Ɗayyaba rajista tun tana aji huɗu na sakandare. Malamin Turancinsu, Malam Albashir, mutum mai sanyin murya, ya zo har gida.

"Alhaji, da an ɗan jira. Ita wagga jarabawa tana da..."

"Malam, shekara nawa ka yi a tsare-tsare?"

"Ban yi ba, Alhaji."

"To sha lemunka."

Malam Albashir ya sha lemonsa.

Ɗayyaba ta ci jarabawar, ci mai kyau. Alhaji ya sa aka yi wa takardar sakamakon laminatin, aka sa ta a gilashi mai katako ruwan zinare, aka rataye a falo sama da talabijin. Akwai wani ɗan layi na ƙananan haruffa a can ƙasan takardar. Katakon ya rufe shi tsaf, abin ya yi kyau ƙwarai.

Bayan shekara guda ya shirya walimar ban kwana. Ya ce in aka bari sai tafiya ta zo, za a yi ta cikin gaggawa. Aka kafa rumfa, aka toshe layi, aka dafa shinkafar Ambursa tukunya shida. Alhaji ya karɓi lasifika bayan azahar, bai sake ta ba sai da aka kira la'asar.

"Jama'a, shiri ba na kowa ba na. Wasu sai sun ga hadari suka neman kwano na rufi. Ni tun ɗiyata tana shan mangwaro da ƙwallo nis san inda za ta. Wagga makaranta ba a shigarta da sa'a. Bari in faɗa muku sunanta harafi-harafi, don ku ji nauyinta."

Ya faɗa harafi-harafi, har sau biyu. A layin baya akwai Nazifa, 'yar ajin su Ɗayyaba, 'yar wani manomin shinkafa a Ambursa, ƙaramar yarinya siririya da ta zo taya rabon abinci. Ta rubuta haruffan a tafin hannunta da biro.

Aka yi wa Ɗayyaba addu'ar sauka lafiya. Wata goggonta ta yi kuka. Ranar Litinin ta koma makaranta.

Ranar da aka buɗe cike fom, ɗaya ga Agusta, matar da ke da shagon kwamfuta a bakin titi ta zo buɗewa ta tarar da Alhaji zaune a kan akwatin ƙarfe a ƙofar shago, gilashin a cinyarsa, Ɗayyaba na tsaye a gefe. Aka shiga. Aka cike suna, aka cike makaranta. Aka zo kan ranar da aka yi jarabawar Turanci, matar ta buga. Rubutu ya fito da ja.

Ta sake bugawa. Ya sake fitowa da ja.

"Alhaji, sun ce ta ƙare."

"Mi yaƙ ƙare?"

"Jarabawar. Shekara biyu takai. Taku ta wuce da kwana tara."

Ɗayyaba ta karɓi gilashin, ta kwance ƙusoshin baya da makullin mota, ta zaro takardar. Ɗan layin yana nan inda yake tun farko. Ta karanta shi a fili, a hankali, da Turancin nan da ya ƙare.

Alhaji ya karɓi takardar ya duba da kansa. Sannan ya gano inda kuskuren yake. Yana Amurka.

"Turanci tumatir na, da za shi ruɓe? Ke, kin mance Turancin?"

"Ban mance ba, Baba. Amma akwai wata jarabawar watan gobe. Sai ƙarshen Oktoba za su rufe fom. In anka yi rajista yau..."

"A sake? Bayan walima? Mutum ɗari uku sun ci shinkafata a kan wagga takarda. In ce musu mi?"

"Baba, don Allah. Ni zan rubuta, ba kai ba."

"Jakadiya, ba a gyara daidai."

Ya mayar da komai cikin akwati, har da fasfon da ba a rajista sai da shi, ya kulle, ya mayar da makullin wuya.

Ya rubuta wa jami'ar wasiƙa shafi huɗu. Ya ba su tarihin aikinsa, ya haɗa da hoton kifin Argungu, ya nuna musu cewa ɗalibin da ya riga kowa lada ya kamata a ba shi. Aka tura ta kwamfuta. Cikin minti ɗaya amsa ta dawo: an karɓi saƙonka, za a duba. Alhaji ya sa aka buga masa ita a takarda, ya kai majalisa.

"Minti ɗaya," in ji shi. "Sun san da wa suka magana."

Sai ya zauna jira. Bai taɓa jiran komai ba a rayuwarsa sai abin da ya riga isa wurinsa, saboda haka ya ɗauka wannan ma irinsa ne. Agusta ya wuce. Hajiya Sadatu ta yi magana da safe, ta yi da rana, ta aika a kira yayansa daga Kalgo. Malam Albashir ya sake zuwa, aka sake ba shi lemo. Ɗayyaba ta daina roƙo. Kullum sai ta biya ta shagon kwamfuta ta duba kujerun da suka rage a ɗakin jarabawa na Abuja, ta dawo ta shige ɗaki.

A tsakiyar Oktoba amsa ta zo, layi biyu. Sun gode da wasiƙarsa mai ban sha'awa. A sake jarabawa.

Alhaji ya ce tunda sun roƙa cikin ladabi, zai duba. Ya isa shagon kafin matar ta buɗe. Babu sauran kujera sai Disamba.

Ranar nan Ɗayyaba ba ta yi kuka a gabansa ba. Da suka dawo gida ta tsaya a falo ta miƙa hannu.

"Baba, makullin."

Ya dube ta, ya dubi Hajiya Sadatu, wadda ke kallon silin. Ya cire ya ba ta, ya ce da ma yana cikin tsari a miƙa mata shi a wannan mataki. Da yamma ya sanar da majalisa cewa a duk Nijeriya gidansa ne na farko a layin baɗi.

Da sakamako ya fito, an ɗauki yarinya ɗaya daga jihar Kebbi, har da tallafin karatu. Nazifa ce. Wata bakwai ta yi tana shiri, ta yi jarabawarta a watan da kowa ke yi, ta rubuta musu labarin gonar ubanta a fadama. Ta zo gidan tana sunkuyar da kai, ta kasa haɗa ido da ƙawarta. Ɗayyaba ta rungume ta, ta shiga ta buɗe akwati, ta fito da rigar sanyi. Ita Ɗayyaba hannun rigar a gwiwar hannu yake tsaya mata tun shekara uku da suka wuce. Nazifa ta saka, kamar an gwada ta aka ɗinka.

A Janairu hoto ya iso ta waya. Ga Nazifa tsaye cikin ƙanƙara a ƙofar jami'ar, cikin jar riga, tana dariya. A ƙirjinta, da zare fari, ana iya karantawa sarai: Ɗayyaba Ladan.

Alhaji ya sa aka wanke hoton babba, aka yi masa laminatin, aka sa shi a gilashin nan mai ruwan zinare da ya zauna fanko. Ya kira maƙwabta su gani. Ya tsaya a gefe da sandar nuni.

"Ku duba da kyau. Sunan wa ag ga ƙofar makarantar? Shekara goma sha biyu ina faɗa muku, kuna dariya. To ga shi, sunan gidana ya isa Amurka."

Hajiya Sadatu ta shigo da tire ta ajiye a gaban baƙi.

"Ya isa, Alhaji, ya yi sammako," in ji ta. "Mai sunan tana madafi tana dama maka kunu. Da tsamiya ko babu?"