Kainuwa a Lambun Kaka Zulai

"Ina kwana, amarya? Ashe ba ki mutu ba?"

"Lahiya lau, maigidan banza. Sai na ga bayanka na gaji babur ɗinga."

Haka Jabir da kakarsa Zulai suke gaisawa kullum. Ranar nan a bakin lambu ya same ta, ya taho daga kasuwar Yelwa da ɗaurin dashen albasa a bayan babur. Lambun sabo ne. Tun da ciwon ƙafa ya sa aka ɗauko tsohuwar daga gungunsu na tsakiyar ruwa, ta hana kowa sakat, wai zaman ɗaki zai kashe ta. Shi ne baban Jabir ya yankar mata fili a bayan gida, dab da gaɓar tafki, aka haƙa ramin ban-ruwa. To, sai kainuwa, mai shuɗin furen nan da ta addabi masunta, ta ce nata ne. Ta rufe ramin ruf, ta toshe hanyoyin ruwa, ta shaƙe tiyon injin da suka aro. Jabir ya kwashe, ya shanya, ya ƙone, kafin bayansa ya daina ciwo ta dawo shar da ita. Baban ya gaji ya yanke magana: in kasuwa ta zagayo ba a yi dashe ba, masu buga bulo zai ba filin.

Kaka ta leƙa ɗaurin, ta taɓe baki. Ta ce mijin ƙwarai zane yake kawo wa matarsa, shi kuwa abin sa hawaye ya kwaso. Ita rama take so, da yakuwa, da zogale a gefe. Jabir ya ce mai haƙori biyu me za ta yi da rama. Ta ce da biyun nan ta taɓa riƙe giwan ruwa ta wutsiya, tana goye da ubansa, hannu ɗaya na tuƙi. Ya ce lambu a Yauri babu albasa, ai abokansa sai su yi masa dariya. Ta ce ya kwantar da hankalinsa, sun daɗe suna yi, wuya kamar na balbela.

Yana cikin neman abin ramawa ne ya lura zanenta a jiƙe yake har gwiwa. A bayanta kuma ga ƙwarya rufe da faifai, tana ɗiga. Ya kai hannu, ta kai masa sanda, ya goce ya buɗe. Kainuwa ce, ɗanya jagab, yanzu aka tsamo ta daga tafki.

Wallahi ran Jabir ya ɓaci, ɓacin gaske, ba na wasa ba. Ashe duk wahalar nan da yake sha, yana kwashewa tsohuwa na bi tana zubawa. Da farko ta ce miya za ta yi masa da ita, ko ya yi ƙiba. Da ta ga bai yi dariya ba, sai ta dogara sandarta zuwa bakin ramin, ta yaye ganyen a hankali. Wasu abubuwa baƙaƙe suka motsa a ƙasa. Tarwaɗa ne, sun yi ɓul-ɓul. Tun suna ƙanana ta taho da su daga gungu a cikin tulu, kowa ya ɗauka jiƙon maganinta ne.

"In ka kwashe musu inuwa, rana na dahe su," in ji ta. "Jirgina na baro, kabarin kakanka na baro. Waɗanga kaɗai sunka biyo ni."

Tausayinta ya kama shi, har ya rasa inda zai sa idonsa. Ya ɗan tsuguna yana kallon ruwan, sannan ya yi gyaran murya.

"Ashe wasu mazan kike kiwo a bayan idona, har da gashin baki."

"Su dai suna da shi. Kai hwa?"

Dariya ta ƙwace masa. Nan suka shirya: zai kafa gora ya zagaye kusurwar ramin da wata tsohuwar komar kamun kifi, kainuwa ta zauna a ciki ita da mazan, tiyo ya sha daga ɗaya gefen. Albasa ta ci tsakiya, rama da yakuwa su bi gefe, zogale ya zama shinge. Gobe da sassafe za a yi dashe, masu bulo su nemi wani wuri. Sai dai ya ce aikin miji ba kyauta ba ne, ladansa tarwaɗa ɗaya, kuma babba.

Kaka ta ce ta ji, ta yarda. Ta nutsa ƙwarya ta ciro ƙato guda, yana ta bugun ruwa da wutsiya. Ta daɗe tana kallon kifin. Sai ta sunkuya ta mai da shi cikin ramin, ta kwance bakin zanenta ta miƙa wa Jabir ɓarin goro.

"Wanga ya ishe ka. Tahi ɗauko komar."