Rigar Nazifi Ta Sha Wanki

Kun san abin da 'yan jami'a ke yi ranar jarrabawar ƙarshe: kowa ya sa farar riga, abokai su bi ta da rubutu da sa hannu har ta koma kamar allon aji. Abokinmu Nazifi ma ya yi. Shi dai tun yana aji ɗaya yake cika mana kunne a majalisa cewa digiri takarda ce kawai, ga yayyenmu nan sun yi suna zaman jiran aiki. Karatun shekara huɗu yajin aiki ya mayar masa shida, bai taɓa cewa ya ƙaru da komai ba, sai ranar nan. Shamsiyya, 'yar ajinsu da ya shekara shida yana hange ya kasa yi mata ko sallama, ta rubuta masa lambar wayarta a gadon baya, ta shiga mota sai garinsu.

Gogan naku har ya iso gida bai jingina da kujerar mota ba. Ya rataye rigar a ƙusa, maimakon ya kwafi lambar, sai ya fito nemanmu, wai mu zo mu gani da idonmu. Mu kuwa muka riƙe shi da tsiya har la'asar. Muna shiga gidan sai ga riga a kan igiya, fara fat, tana ɗiga. Goggo Tabawa, wadda ta riƙe shi tun yana ƙarami, tana gefe tana zubar da ruwan bilic. Wallahi har ni sai da ya ba ni tausayi.

"Goggo! Me kika yi min haka?"

"Wanki mana. Wasu marasa tarbiyya sun ɓata maka sabuwar riga, da ƙyar na fitar da shi."

Ya ɗora hannu a ka. "Kin kashe ni, Goggo! Duk abin da na samo a jami'ar nan, shekara shida cur, a jikin rigar nan yake!"

Goggo ta dubi rigar, ta dube shi. "Duka-duka?"

"Duka, wallahi!"

Ta kife bokitinta ta ce, "To ka gode Allah a gida ya wanke, ɗan nan. Da ruwan sama ya tare ka a hanya, ai a gaban jama'a za ka koma jahili."